Mai Amfani Ko Mai Sauƙi? Darasin Turancin Da Muka Koya A Fadamar Haɗeja

Mu huɗu ne muke zama a bencin ƙarshe lokacin da muke aji shida na sakandare a Haɗeja, kuma mu huɗun duka muka faɗi tambaya ɗaya a jarrabawar gwaji ta Turanci. Har yau in mun haɗu a hutu sai ɗayanmu ya tayar da zancen mu yi ta dariya. A ranar kam babu wanda ya yi dariya, domin saura 'yan watanni mu zauna WAEC ta 2022, kuma kowa ya san wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ba shi ba jami'a, ko da ya cinye sauran darussan.

Tambayar gajeriya ce. An rubuta “Will ten o'clock be ____ for you?” aka ce mu cike gurbin da ɗaya daga cikin kalmomi huɗu: “useful”, “comfortable”, “convenient” da “helpful”. Biyu daga cikinmu suka ɗauki “useful”, ɗaya ya ɗauki “helpful”, ɗaya kuma “comfortable”. Amsar ita ce “convenient”, wadda duk muka tsallake.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mun yi karatu. Muna da wani littafi da muka haɗa kuɗi muka saya, muka cika shi da kalmomin Turanci masu kama da juna, muna haddacewa bayan sallar isha'i. A wani shafi mun jera kalmomi kusan goma, muka ja musu dogon layi a gefe, muka rubuta fassara ɗaya tak: mai amfani. A tunaninmu duk wadda ka ɗauka a cikinsu ta yi.

Malaminmu na Turanci dattijo ne, haifaffen garin. Da ya gama raba takardu sai ya ce, “'Yan bencin baya, ku same ni a ofis.” Muka je jiki a sanyaye, muka miƙa masa littafin don ya ga ba wasa muke yi ba. Ya daɗe yana kallon shafin nan, sannan ya ɗago ya ce, “Wato ku a wurinku da tarwaɗa da karfasa da gaiwa duk kifi ne, shi ke nan? Ku je kasuwar kifi ku ce a ba ku kifi, ku ga in ba a tambaye ku wanne ba.”

Muka ce, “Allah Ya gafarta Malam, to yaya za mu yi?”

Ya ce, “Ranar Asabar ku fita da wannan shafin. Kowace kalma ku nemo mini abin da ya dace da ita a garin nan. Kada ku dawo mini da fassara. Ku dawo mini da abin da kuka gani da idonku.”

Kawun ɗayanmu yana da gona a fadama, yana noman rani: alkama, albasa da tattasai. Can muka nufa da sassafe, da littafinmu da ƙamus ɗaya da muka aro. Da muka gaishe shi muka faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya yi dariya ya ce, “To, 'yan boko, ku fara kama mini wannan tiyon tukuna, Turancin ya biyo baya.”

Kalmar farko ba ta ba mu wahala ba. “Useful” ita ce uwa, ita ce “mai amfani” ta gaskiya, kuma kusan komai na gonar ya shiga cikinta: fartanya, amalanke, shanun huɗa, har da tsofaffin buhunan da aka jibge a gindin bishiya. A nan ne ma muka lura harafin “l” ɗaya ne a ƙarshenta, mu kuwa biyu muke rubutawa tun daga aji ɗaya.

Muna cikin jan tiyo sai igiya ta sarƙe. Kawu ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar wuƙa ya yanke ta. Ɗayanmu ya duba ƙamus ya yi tsalle ya ce ga “handy” nan. Kalmar daga “hand” ta fito, wato hannu. Abu ne ƙarami, mai sauƙin riƙewa, wanda yake kusa da kai a daidai lokacin da ka buƙace shi, kamar wuƙar nan ko tocilan ɗin ƙaramar waya in an ɗauke wuta. Shanun huɗa sun fi wuƙar amfani nesa ba kusa ba, amma babu mai sa su a aljihu. Muka rubuta: sa “useful” ne, wuƙa “handy” ce.

Sai muka zo kan wadda ta kayar da mu. Mun tambayi Kawu me ya sa ya fi son wannan gonar a kan wata da yake da ita can ciki, alhali waccan ta fi girma. Ya ce, “Wannan ga ruwa kusa, ga hanya kusa. Mota tana zuwa har bakin gona ta ɗauki albasa. Waccan kuwa sai na yi hayar amalanke.” Wannan shi ne “convenient”. Magana ce ta dacewa da sauƙi: wuri ya zo maka kusa, lokaci ya zo maka daidai, abu bai sa ka wahala ba. Asalin kalmar daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin haɗuwa wuri ɗaya, kamar dai buƙatarka da damarka sun haɗu. Shi ya sa ƙarfe goma ba ya zama “useful”, sai dai ya zama “convenient”, domin abin da ake tambaya shi ne ko lokacin ya yi maka daidai.

Daga baya Malam ya ƙara mana gargaɗi biyu a kanta. Na farko, mutum ba ya zama “convenient”. Yawancinmu mukan rubuta “if you are convenient” a wasiƙa, muna nufin in kana da sarari, kuma kuskure ne. Daidai shi ne “if it is convenient for you”. Na biyu, in kun ga allo an rubuta “public convenience” a tasha ko a asibiti, ban-ɗaki ake nufi. Ɗayanmu ya amsa cewa shi da ya ɗauka ofishin taimakon jama'a ne.

Bambancinta da “comfortable” kuwa, tashar mota ce ta warware mana shi. Motar da ke tashi zuwa Kano da asuba “convenient” ce, domin za ka isa da wuri ka gama abin da ya kai ka ka juyo a ranar. Amma in an cusa ku huɗu a kujerar baya, da buhu a kan cinyarka, babu wanda zai ce tafiyar “comfortable” ce. Ita wannan kalmar ta jin daɗin jiki ce, irin wanda muka samu da muka zauna a inuwa bayan mun gama jan tiyo.

Injin ban-ruwan Kawu tsoho ne, yana hayaƙi yana ƙara, amma yana jawo ruwa har ƙarshen gona. Kawu ya ce, “Aiki kam yana yi, sai dai shan mai kamar me.” Da wannan maganar tasa ya raba mana kalmomi biyu da muka daɗe muna cakuɗawa. Injin “effective” ne, tunda yana cim ma abin da ake so. Amma ba “efficient” ba ne, tunda yana cin mai da yawa kafin ya yi aikin. “Effective” tana tambaya ko an samu biyan buƙata. “Efficient” tana tambaya nawa aka kashe na mai, na lokaci da na ƙarfi kafin a samu. Mun ƙara fahimtar nauyin wannan bambanci bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Manoman rani da yawa da ba su taɓa jin kalmar “efficient” ba suka zauna suna lissafinta da yatsu, wasu suka fara neman injin da ke aiki da hasken rana.

Tun a ranar ma mun kawo wa Kawu zancen injin hasken rana, muna jin mun zo da dabara. Ya ce, “Abu ne mai kyau. Amma ina kuɗin saye? In ya lalace wa zai gyara mini? Wannan tsohon, ko yaron bakanike ya san cikinsa.” Nan muka samu “practical”: abin da zai yiwu a aikace, da kuɗin da kake da shi, a wurin da kake. Shawara tana iya yin kyau a takarda ta kasa zama “practical” a gona.

Da rana ta yi sanyi muka gangara bakin kogi, muka tarar da wani tsohon masunci yana gyaran komarsa. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, “Baba, wai ambaliya tana da wani amfani kuwa?” Mun yi tambayar ne muna jiran ya ce babu, don mu samu misalin “useless”. Sai ya dube mu ya ce, “Yara ke nan. Da ba don ruwan da ke malala kowace shekara ba, da me za ku kira fadama? Shi ke kawo sabuwar ƙasa, a cikinsa kifi ke hayayyafa, in ya janye a shuka, makiyaya su samu ciyawa. Wanda ya yi yawa shi ne masifa.”

Wannan ita ce “beneficial”, mai alfanu. Farkonta, “bene”, a Latin yana nufin kyau ko alheri. Ana faɗinta ga abin da ke jawo alheri a ƙarshe, ko da a lokacin bai yi maka daɗi ba. Malalar ruwa ta shekara-shekara ba ta da sauƙi ga kowa, tana yanke hanya tana jiƙa kaya, amma ita ta rayar da wannan yanki tun daga nan har Nguru da Gashuwa, inda ruwan ke bi kafin ya nufi Tafkin Chadi.

Tsohon ya nuna mana kacala, doguwar ciyawar nan da ta cika gefen ruwa, ya ce lokacin ƙuruciyarsa ba ta kai haka ba. Da muka koma makaranta malamin labarin ƙasa ya yi mana bayani. Kogin Haɗeja yana samun ruwansa ne daga Kogin Kano da Kogin Challawa. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Madatsun sun ba birnin Kano ruwan sha, sun ba manoman Kura da Kadawa ruwan noman rani. Amma sun canja yadda ruwa ke zuwa mana. A da kogi yakan cika da damina ya ja baya da rani. Yanzu ana sako ruwa kusan duk shekara, kacala kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwale-kwale wucewa a wurare da dama, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa.

Da muka kai wa Malam wannan labarin, sai ya rubuta kalmomi biyu a allo: “to whom?” Ya ce, “Duk lokacin da aka ce muku abu ‘useful’ ne, ku tambaya, ga wa?” Madatsa ɗaya tana iya zama mai amfani ga manomin da ke kusa da ita, ta zama damuwa ga masuncin da ke can ƙasa. Ya ce shi ya sa kalmar ke yawan tafiya da “to” ko “for”: “useful to farmers”, “useful for irrigation”. Ta farko tana faɗin wanda ya amfana, ta biyu tana faɗin aikin da ake yi da abin.

A hanyarmu ta komawa gida mun sayi ruwan leda mun sha, muka yar da ledar a kwata kamar yadda muka saba. Sai ɗayanmu ya tsaya ya ce, “Ita kuma wannan a wane layi za mu sa ta?” Muka duba kwatar, ta cika maƙil da leda. Babu abin da ya kai leda sauƙi: ba ka wanke ta, ba ka mayar da ita, ba ta da nauyi. “Convenient” ce ta gaske. Amma ita ce ke toshe magudanar ruwa in damina ta zo, ita ce akuya ke haɗiyewa ta kumbure. A ranar muka fara gane cewa abu mai sauƙi daban, abu mai alfanu daban, kuma sau da yawa mai sauƙin ne ke zuwa da tsada daga baya.

Kalma ɗaya ta rage a shafin da muka kasa samo wa misali: “expedient”. Malam ya ce mu bar ta, za ta zo da kanta. Ta kuwa zo. Ana saura makonni kaɗan a fara jarrabawa, wani ya same mu da maganar cewa akwai hanyar da za a turo mana amsoshi ta waya tun kafin a shiga aji, in mun haɗa wasu 'yan kuɗi. Ba za mu ɓoye muku ba, mun zauna mun yi shawara a kai. Tsoron Turanci ya kama mu, kuma mun san irin wahalar da iyayenmu suka sha a kan karatunmu. Biyu suna cewa a yi, biyu suna cewa a bari. Mun kwana uku ba mu jitu ba.

A cikin kwanakin ne ɗayanmu ya buɗe ƙamus ya karanta mana ma'anar kalmar: abin da zai fitar da kai daga matsala a yanzu, ko da ba daidai ba ne. Muka yi shiru. Mun ga ledar nan a cikin kwata. Wanda ya fi kowa son a yi shi ne ya fara cewa, “To in mun shiga jami'a da amsar waya, wa zai turo mana ta can?” Ba mu biya ba. Ba don mun fi kowa tsoron Allah ba, mu ma zuciyarmu ta raya mana. Amma da muka samu sunan abin, sai ya yi mana wuya mu ci gaba da kiransa taimako.

Sakamako ya fito, uku suka samu kiredit a Turanci. Ɗaya ya samu D7, ya yi kwana biyu ba ya fita, sai da sakamakon NECO ya zo da C6 sannan hankalinsa ya kwanta. Yau dukanmu muna karatu, biyu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗaya a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ɗaya a Bayero. A can ne muka ga waɗanda suka shigo da amsar waya, muka ga yadda suke zufa in an ce kowa ya rubuta shafi ɗaya da kansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Akwai wata kalma da ba ta cikin littafinmu, daminar 2022 ce ta koya mana ita. Waɗanda ke yankin nan ba sa buƙatar a tuna musu: ruwa ya cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, hanyoyi suka yanke, ƙauyuka suka koma tsibiri. Muna cikin samarin da suka fita cika buhuna da ƙasa ana jerawa don tare ruwa kada ya shigo gari. Irin tsofaffin buhunan nan da muka gani jibge a gonar Kawu, muka rubuta musu “useful” ba tare da mun ko sake kallonsu ba, su ake nema ido rufe. Kwale-kwalen da muke ɗauka abin masunta ne kawai, shi ya zama motar asibiti da ta kasuwa ga mutanen ƙauyuka da yawa. Da muka haɗu da Malam a wajen aikin, kayansa duk taɓo, sai ya nuna buhun da ke kafaɗar ɗayanmu ya ce, “Wannan yau ya wuce ‘useful’. Sunansa ‘indispensable’.” Wato abin da ba a iya yi sai da shi.

Da muka waiwaya, sai muka ga laifin ba na Turanci ba ne. Hausarmu ma ta raba waɗannan abubuwa tun kafin a haife mu. Muna da amfani, muna da fa'ida, da alfanu, da moriya, da sauƙi, da dacewa, da tasiri. Kakanninmu ba sa cewa magani mai ɗaci yana da sauƙi, cewa suke yana da fa'ida. Mu ne muka yi ƙyuya muka tattara komai muka zuba a buhun “mai amfani”, sannan muka yi mamaki da Turancin ya ƙi shiga. Wanda bai tsaya ya bambance kalmomin harshensa ba, zai sha wuya wajen bambance na wani.

Ƙannenmu da ke shirin WAEC, NECO ko JAMB, maza da mata, kun san sashen nan da ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa da ma'ana, ko kishiyarta. Da gangan ake jera kalmomi masu kama da juna, don a gane wanda ya haddace da wanda ya fahimta. Ga abin da ya yi mana aiki. Ku raba shafin littafinku gida uku. A gidan farko ku rubuta kalmar. A na biyu ku rubuta wani abu na gidanku ko unguwarku da ya dace da ita, abin da kuka taɓa da hannunku. A na uku ku gina jimla ɗaya da kanku, ku kai wa malami ya duba. Ba sai kuna da fadama ba. Madafin Inna ya isa: ashana “handy” ce, murhun gas “convenient” ne, tukunyar da ke dafa wake da ɗan itace kaɗan “efficient” ce, zogale kuma “beneficial” ne ko da ba ku son ɗanɗanonsa.

Wannan hanya ta fi hadda cin lokaci. Kalma goma ta cinye mana Asabar guda, da jan tiyo, da tafiya a rana. Ba “convenient” ba ce ko kaɗan. Amma shekara uku ke nan babu ɗaya daga cikin kalmomin da ta ɓace mana, kuma littafin yana nan a wurin ɗayanmu, da tabon laka a shafin. Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa ku fi mu.